Yawon da Yaya ya biya mana a Indiya ya faɗo a bikin Diwali, gida ya rabu biyu

Anti salamu alaikum, don Allah a ɓoye sunana. Yau satinmu biyar a Delhi ni da autanmu, mun kawo Ummanmu aikin gwiwa, Alhamdulillah an yi lafiya har ta fara takawa da sanda. Babban yayanmu ya biya mana yawo na kwana shida a wani kamfani, da mota da direba da mai yi mana jagora, Delhi da Agra da Jaifur, saboda Umma tun tana budurwa take son ganin Taj Mahal. Ashe kwanakin sun faɗo daidai bikinsu na Diwali, har an rubuta a takardar wai daren bikin za a kai mu gidan wasu mu ga yadda suke yi. Da na tura takardar gurup ɗin gida sai wani yayana ya yi boyis ya ce za mu kai tsohuwa kallon bautar gumaka, maigidana kuma ya ce shi jinya ya ba ni izini ba yawon biki ba. Yaya babba ya yi fushi ya ce kuɗin ba a maidowa. Umma ba ta ce komai ba amma jiya na ganta tana share hawaye. Tana da asma da ciwon suga. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Umma lafiya, ya saka miki da alheri ke da auta, wanda bai taɓa zaman jinya a ƙasar da ba ya jin yarensu ba ba zai san abin da kika ɗauka a sati biyar ɗin nan ba.

Na karanta saƙonki sau biyu kuma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai layin ƙarshe ne, asma. Kowa a gurup yana ta magana a kan imanin Umma, matar da ta raine ku duka a kan sallah, amma ban ga wanda ya tambayi ƙirjinta ba. Ni na taɓa yin Diwali a Delhi lokacin da na raka gwaggona asibiti, tun bayan magariba aka fara fasa nokawut, ba irin na yaran unguwa da za ki ji tas tas a wuce ba, wannan gari ne gaba ɗaya yake fashewa har wajen biyun dare, taga tana girgiza. Da asuba na ɗaga labule ban iya ganin saman benen da ke tsallaken titi ba, rana ta fito ja kamar garwashi kina kallonta ido cikin ido ba ta kashe miki ido, maƙogwaro kuma kamar an zuba barkono a wuta. Kuma ba nokawut ɗin kaɗai ba ne, lokacin ne manoman jihohin Punjab da Haryana suke ƙona karan shinkafa bayan girbi, hayaƙin ya taho ya zauna a kan Delhi, sanyi ya fara shigowa iska ba ta motsi sai komai ya tsaya cak a kan garin. Suna da ma'aunin gurɓatar iska wanda in ya haura 400 an shiga mataki mafi muni, Delhi kuma tana kaiwa can a Nuwamba har a rufe makarantun yara. Ki ɗauki hazon hunturu mai kauri ki haɗa shi da hayaƙin taya, shi ne. Mai asma da ta fito daga tiyata ba ta da abin yi a waje a wannan daren ko da babu maganar addini sam.

To kin ga abin da yayanki mai boyis yake tsoro da abin da likita zai ji tsoro duk a dare ɗaya suka taru. In kin cire daren nan daga cikin tafiyar kin kashe rabin rigimar gidanku.

Bari in faɗa miki menene bikin, don ki yi wa mutanen gida bayani da sani ba da kame-kame ba. Diwali kwana biyar ne, yana zuwa tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, da wata suke lissafa shi shi ya sa yake motsawa. Ranar farko Dhanteras, ranar sayayya ce, zinare da azurfa da sababbin tukwane, kasuwa ba masaka tsinke. Rana ta uku ita ce babba, daren da babu wata a sama, a ranar suke bautar Lakshmi wadda suka ɗauka allahiyar arziki, a arewacin Indiya kuma suna haɗa shi da labarin dawowar Rama, wani sarki da suke bauta wa, garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji. Su share gida, su zana ado da garin kala a bakin ƙofa, su jera fitilu a ɗan kasko na yumɓu da mai da lagwani, sak aci-balbal ɗinmu ta da, diya suke ce mata. Ranar ƙarshe ta 'yan'uwa ce, mace ta karɓi ɗan'uwanta namiji a gida. Don haka yayanki bai yi ƙarya ba, akwai bauta a ciki kuma ita ce zuciyar bikin, kuma gidan nan da aka rubuta za a kai ku abin da za a yi ke nan, za a zaunar da ku gaban gunki a kunna wuta a faranti a zagaya da ita, aarti ke nan, a miƙo miki ki shafa, a ɗiga miki jan abu a goshi, a ba ki alewar da aka fara ajiyewa gaban gunkin wadda suke kira prasad. Wannan kam ki soke shi kai tsaye, ba sai an yi shawara ba. Su da kyakkyawar niyya suke yi, karramawa ce a wajensu, amma da ki shiga falon mutane ki riƙa janye hannu kina ƙin komai gara tun farko ba ki je ba, kin tsare addininki kin tsare mutuncinsu.

Sai dai kasancewa a gari ranar bikin mutane daban, shiga bautarsu daban. Ko yawon nan bai taso ba ai a Delhi bikin zai same ku tunda likita bai sallame ku ba. Musulmin Indiya a ƙidayar 2011 sun kai miliyan 172, suna nan a garuruwan nan duk shekara bikin yana zuwa yana wucewa suna kiran sallah. Mu ma baƙi suna zuwa Kano kallon Hawan Daushe, su ga dawaki su ɗauki hoto, ba wanda ya ce sun yi sallar idi. Amma ki sani akwai malaman da suka tsananta ko a kan fita kallo da gangan, suna kafa hujja da ayar Suratul Furƙan mai yabon waɗanda ba sa halartar zur, don wasu magabata sun fassara ta da bukukuwan mushirikai, kuma ba magana ce ta banza ba. Shi ya sa hukuncin ki bar wa malamin da maigidanki ya yarda da shi, amma a kai masa tambayar yadda take. Kar a ce masa za su je bikin Hindu, a ce masa za su je ganin gine-ginen tarihi a satin da mutanen gari suke biki, kuma daren bautar suna ɗaki.

Kuma abin da na tabbata ba wanda ya tsaya ya duba a gurup ɗin nan shi ne su waye suka gina wuraren da za ku. Babban masallacin Delhi, Jama Masjid, Sarki Shah Jahan ne ya gina aka gama a 1656, har yau ana Juma'a a ciki. Qutb Minar hasumiya ce mai tsawon kusan mita 73 da Qutbuddin Aibak ya fara wajen 1199, jikinta duk rubutun Larabci ne a sassaƙe. Red Fort fadar sarakunan Mughal ce, Musulmi. Taj Mahal ɗin da Umma take mafarki kuwa, wanda yake a Agra, kabari ne, Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz da ta rasu a 1631 wajen haihuwar ta 14, aka fara ginin a 1632 aka ɗauki kusan shekara ashirin. Ranar da na je, ina tsaye gaban babbar ƙofar shiga mai jan dutse ina jiran gwaggo ta huta, na ɗaga kai sai na ga rubutun da ya zagaye ƙofar ashe Suratul Fajr ce, da baƙin dutse aka dasa haruffan cikin farin, na bi da ido har ƙarshe inda ake kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa. Gwaggo ba ta gani sosai sai na karanta mata, ta kama hannuna ta yi shiru, mun fi minti biyar ba mu shiga ba mutane suna ta ratsa mu. A jikin ginin kansa kuma Yasin ce ta zagaye manyan bakunan nan huɗu. Akwai masallaci a harabar ta yamma, kuma saboda sallar Juma'a ne ma ake rufe wurin ga masu yawo duk ranar Juma'a, ki duba takardarku kar Agra ta faɗo a ranar.

In kun shiga ganuwar Agra ki ce jagoran ya kai Umma inda Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666, daga barandar ana hango Taj ta gefen kogin Yamuna, mutumin da ya gina abin nan ya ƙare yana leƙensa daga ɗaurin ɗan cikinsa. Wannan tafiya ce ta wa'azi ga mai hankali, irin wadda Alƙur'ani ya ce a yi a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata.

Wuri ɗaya zan ja kunnenki, Fatehpur Sikri, garin da Sarki Akbar ya gina wajen 1571 a kan hanyar Jaifur. Akwai kabarin Shehu Salim Chishti a tsakiyar harabar masallacin, mutane suna ɗaura zare a jikin tagogin dutsen suna neman haihuwa, kuma akwai samari da za su biyo ku su ce dole sai kun sayi mayafi da fure a shimfiɗa a kabarin, da tsada kuwa. Ba dole ba ne, ki ce a'a ki wuce, in ba haka ba hoto ɗaya ya shiga gurup wata sabuwar rigimar ce.

Jaifur ita ce ta Hindu a cikin ukun, Sarki Jai Singh na biyu ya kafa ta a 1727, aka shafe tsohon garin da launin hoda a 1876 don tarbar yariman Ingila. Abin da Umma za ta so a can Hawa Mahal ne, gini mai ƙananan tagogi 953 da aka yi a 1799 don matan fada masu kulle su riƙa kallon titi ba a ganinsu, daga cikin mota ma ana ganinsa sarai. Jaifur ta yi suna da ƙawata kasuwanni da lantarki a satin Diwali, Johari Bazar da sauransu, tun kwanaki kafin daren suke kunnawa, in motarku ta ratsa da yamma za ku gani ko ba ku nema ba, kwan lantarki ne a kan titi, ni ban ga abin tayar da hankali a nan ba. A fadar Amber da ke kan tudu a wajen garin kuma kar a ɗora ta kan giwa da sabuwar gwiwa, akwai jif da ke hawa har sama.

Yanzu maigida. Ƙanwata a nan ina ganin an yi kuskure, kuma gyaruwa zai yi. Mutum yana gida da yara sati biyar, sai kawai ya ga takarda a gurup ɗin surukai an riga an biya an sa rana, da sunan biki a kai, ba wanda ya kira shi. Da wuya a ce Diwali ce ta fi ɓata masa rai, jin da ya yi a bakin taro ne. Ki kira shi shi kaɗai, ba a rubuce ba, ki lura Indiya tana gaban Najeriya da awa huɗu da rabi ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya natsu. Ki fara da ban haƙuri a kan yadda labarin ya iso masa, kar ki ce ai Yaya ne, ki ɗauka a kanki. Sannan ki karanta masa tafiyar rana bayan rana, ki ce daren bautar kin soke, auta yana tare da ku ko'ina, kuma Umma ba za ta iya wanka da sa sutura ba sai da mace a kusa, wannan ai cikin jinyar ne. Ki faɗa masa kin ga hawayenta. Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. In ya ce zai tambayi malam ki ce to. In bayan duk wannan ya tsaya a kan a'a, kar ki tafi a ɓoye kuma kar ki tafi da fushinsa, ki roƙi kwana ɗaya tak, Agra a je a dawo. Tsakanin Delhi da Agra kamar kilomita 230 ne a babbar hanyar Yamuna, awa uku zuwa huɗu a mota, akwai kuma jirgin ƙasa Gatimaan da ke tashi daga tashar Nizamuddin da safe ya isa cikin kamar minti 100 ya dawo da yamma. Umma Taj ta ce tana so, ba ta ce Jaifur ba.

Shi kuma Yaya babba a lallashe shi, alheri ya yi niyya aka watsa masa ƙasa a ido gaban ƙannensa. Shi ya biya, shi zai kira kamfanin, kuma kar ya nemi a maido kuɗi, ya nemi a canza rana ko a juya tsarin, wannan sun fi saurin yarda. In za a iya matsar da tafiyar ta ƙare kafin bikin shi ya fi. In ba zai yiwu ba to wuraren Delhi ku gama su tun yanzu ɗaya-ɗaya tunda a garin kuke, ku bar Delhi kwana biyu kafin daren, ku yi Agra, daren bikin ya same ku a otal ɗin da ke ɗan wajen garin Jaifur ba tsakiyar kasuwa ba, can ma ana fasa nokawut ɗin amma ku kuna ɗaki taga a rufe, kuma kar ku juyo Delhi washegari da safe, ranar ce iskar ta fi muni. Duk abin da aka canza a rubuto muku shi a WhatsApp, kar ku yarda da an ji an ji ta waya.

Kafin komai ki kai takardar wa likitan da ya yi aikin. Ki faɗa masa awannin mota, Agra zuwa Jaifur kusan kilomita 240, Jaifur zuwa Delhi ya fi haka, saboda dogon zama bayan aikin gwiwa yana iya sa jini ya daskare a ƙafa, a riƙa tsayawa tana saukowa tana ɗan takawa. In ya ce bai yarda ba magana ta ƙare, ba mai jin haushin kowa. In ya yarda, inhela biyu, ɗaya a jakarki ɗaya a aljihun auta, takunkumin N95 ba na yadi ba, da keken turawa don daga inda mota ke tsayawa zuwa Taj akwai tafiya, ba a barin mota mai hayaƙi ta matsa kusa sai ƙananan masu batir, kuma akwai matakala kafin a hau dandamalin farin dutsen, in ta gaji ta zauna a lambun ta kalla, daga nan ma ya fi kyau. Ku je da sassafe. Jama Masjid ma matakalarsa da tsayi, a bi da ita a hankali. Fasfo ɗinku a hannu kullum don kowane otal sai ya yi rajistar baƙo da shi.

Alewa za ta yi ta zuwa muku a satin nan, direba zai kawo, otal za su ajiye a ɗaki, a Agra za a ce sai kun ɗanɗana petha, duk sukari ne zalla, ki tsare Umma. Nama kuma ki tambaya halal ne, don akwai yankan da ake sare kai lokaci ɗaya da suke kira jhatka, in kina kokwanto ku ci na ganye, abincin leda mai ɗigon kore a jiki babu nama a ciki. Jagoran zai tsaya da ku shagon dutse ko darduma ko gwal ya ce kallo kawai, kamasho yake samu a kan duk abin da kuka saya, ki gaya masa tun ranar farko tsohuwa ba ta da ƙafar shiga shago. Sallah kuwa kuna da sauƙin ƙasaru a hanya, ki tafi da darduma a mota.

Wasu otal ɗin in kun iso za ki ga yarinya a bakin ƙofa da faranti, fure da 'yar fitila da jan gari, za ta miƙo yatsa goshinki. Ki dafa ƙirji ki yi murmushi ki ce nahi, shukriya, wato a'a na gode, ta saba, za ta matsa. Kuma don Allah ki ja wa auta kunne kar ya riƙa ɗaukar mutane bidiyo suna bautarsu yana turawa gida ana dariya, Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, ga shi cikin mutanen nan akwai nas ɗin da ta kwana tana juya Umma a gado.

Yayanki mai boyis kar ki amsa masa a gurup. In an gama gyara tsarin ki tura masa shi kaɗai ki ce Yaya ga shi an cire abin da ka ji tsoro, a sa mana albarka.

Amma yau ɗin nan, kafin ki kira kowa, ki je ki zauna bakin gadon Umma ki tambaye ta ita me take so. Kowa ya faɗi nasa a kanta ita kaɗai ce ba a tambaya ba, kuma irin iyayenmu za ta ce a bar shi kawai don kar 'ya'yanta su yi faɗa. Kar ki karɓi wannan amsar da wuri, ki ce mata ana nan ana gyarawa. Ki rubuto min abin da maigidan ya ce, ina jira.